Mu kai yara su ga Mize na Yamai

Da yawa cikinmu suna zuwa Yamai. Wani albasa ya kai, wani ya raka maras lafiya, wata kuma bikin ɗiyar ƙanwarta ya kai ta. Sau da yawa akwai yaro biye. Ana gama abin da ya kawo mutum, sai tasha. Yaro ya komo Alela, in an tambaye shi abin da ya gano sai ya ce motoci da gada. Alhali a tsakiyar birnin, kusa da kogin Isa, akwai wani gida da aka gina don irin wanga yaro. Shi ne Gidan Tarihi na Ƙasa, wanda mutanen Yamai ke ce ma Mize.

Mi ne ne Mize?

Mize gida ne da gwamnati ke ajiye kayan mutanen da, da aikin hannu mai kyau, don kowa ya zo ya gani. An buɗe na Yamai ran 18 ga Disamba 1959. Yau yana ɗauke da sunan Bubu Hama, mutumin Foneko ta ƙasar Tera. Malamin lakwal ne shi tun farko. Daga baya ya shugabanci majalisar dokoki daga 1958 zuwa 1974, ya rasu a 1982. Shi ya tsaya har aka yi gidan, tare da wani Bature mai suna Pablo Tuse.

Wurin ba ɗaki guda ba ne. Fili ne na eka 24, ya fi gonar gandu da yawa cikinmu. Ɗakunan suna warwatse cikin itatuwa, an yi musu zane a bango irin na ginin Hausa. Akwai ɗakin tufafi, da na kayan kiɗa, da na zanen duwatsu, da na ƙasusuwan da, da na kayan tono, da na ƙarfen yuraniyom da ake haƙowa a Arlit. Akwai kuma wurin namun daji, da rumfunan masu sana'a.

Kada ku ce sai kun ga duka

Kuskuren da manya ke yi shi ne sauri. Mutum ya ce ai na biya kuɗin ƙofa, sai na shiga kowane ɗaki. Ya riƙa jan yaro yana cewa taho, taho. Kafin azahar yaro ya gaji, ƙishirwa ta kama shi, ya fara kuka. A koma gida babu abin da ya riƙe.

Malamin da ya taɓa tsayawa gaban allo ya san yaro ba ya ɗaukar darasi bakwai a zama guda. Ɗaki biyu ko uku sun isa. A kowane ɗaki ku bar shi ya zaɓi abu guda da ya ja mishi ido. Ku tsaya nan tare da shi. Ku tambaye shi: da mi aka yi wannan? Wa kake tsammani ya yi shi, namiji ko mace? Akwai irinshi a gidanmu? Kada ku yi gaggawar ba shi amsa.

Ga wata shawara da na koya da wahala: ku bar namun daji su zama na ƙarshe. Yaron da ya fara ganin zaki da dorina da kura ba zai ƙara duban riga ba, ko ta sarki ce.

Ku ne malaman wurin

Wasu iyaye suna jin nauyin shiga. Sai ka ji mutum ya ce, ni da bara na fara yaƙi da jahilci, mi zan gaya ma yaro a can? Gaskiya ne yawancin rubutun da ke jikin kayan da Faransanci yake. Amma lambobi iri ɗaya ne ko'ina, shekara ba za ta gagare ku karantawa ba. In yaron ɗan lakwal ne, shi ya karanta sunan abin, ku kuma ku faɗa mishi amfaninshi. Takardar layi biyu gare ta. Ku kun girma da kayan.

A ɗakin tufafi za ku ga shigar Hausawa da Zabarmawa da Fulani da Buzaye da Barebari da Tubawa. Wanda ya san aska biyu da aska takwas a gaban riga ba ya bukatar tafinta. A ɗakin kayan kiɗa akwai goge da gurmi da kalangu da algaita. Wane ne cikinmu bai san wanda ake kaɗa ma mahauta ba, da wanda ake busa ma sarki?

Wata shekara mun kai ƴan lakwal na wajenmu. Wata yarinya ta tsaya gaban ƙore masu zane, ta daɗe ba ta motsa ba. Sai ta ce mini: "Malam, ai irin ta kakata ce. Inna ta ce tsohon yayi ne, kaji ake ba ruwa ciki." Ta yi mamaki ƙwarai da ta ga an sa irin ƙwaryar gidansu wuri mai tsabta, har da mai gadi. Ni kuwa abin da na tuna shi ne yadda roba da kwano suka kori ƙwarya da akushi a gidajenmu, mu da kanmu muke gaya ma yara ba su da daraja. Ban tsammanin kaji sun sake shan ruwa a ƙwaryar nan.

Daga nan ku zarce rumfunan masu sana'a. A ganina nan ne ya fi dacewa da yaro, don ana aikin gaban idonshi. Maƙeran farfaru suna narka azurfa, dukawa suna ɗinka fata, masaƙa suna jefa ƙoshiya. Adon wuya na azurfa irin na Agadas kala 21 ne, kowane da sunan garinshi, kuma akwai na Tawa. Ku sa yaro ya nemo shi. Ku gai da masu aikin, a bar yaro ya yi tambaya. Ba dole ne ku sayi komi ba.

Icce da ƙasusuwa

Akwai abu biyu da yara ba su mantawa. Na farko busasshen icce ne da aka gina ma rumfa. Iccen Tenere ke nan, mai ƙaya ne irin kandili. Shi kaɗai yake tsaye cikin rairayi, a kan hanyar ayarin gishiri tsakanin Agadas da Bilma. Da aka gina rijiya kusa da shi, sai da aka wuce mita 30 kafin a kai ruwa, aka tarar saiwarshi ta riga kowa isa. Madugai ba su bari a sare shi ba, ba su bar raƙumi ya ci ba. A 1973 wata babbar mota ta banke shi. Ran 8 ga Nuwamba na shekarar aka kawo shi Yamai. Ku tambayi yaro: icce nawa aka sare a dajin garinmu bana?

Na biyu ƙasusuwan manyan dabbobi ne da suka ƙare tun ba a yi mutum ba. A Gadufawa, cikin jihar Agadas, aka fara tono ɗaya a 1965. Tsawonta ya kai mita 7, ganye take ci, kuma masana sun ce ta fi shekara miliyan 100. Wannan ma bai yi nisa da mu ba. Cikin farin dutsen da ake fasawa a Malbaza don yin siminti ana samun bawon ƙwarin ruwa da ya zama dutse. Dalili shi ne teku ta taɓa rufe ƙasar Adar. Yaran da ke kiwo bisa tudu sun sha tsintar irinsu suna wasa.

Zancen mutum-mutumi

A ɗakin kayan tono akwai tukwane da kawunan mutane na yumɓu irin na Bura, wani ƙauye a ƙasar Tera. A 1975 aka gano wurin, masanan Nijar suka tone shi a 1983. Wasu iyaye suna ƙyamar su, suna cewa gumaka ne. Babu mai bauta musu a Mize. An ajiye su ne don a san yadda mutanen da suka zauna ƙasar ga, da irin gwanintarsu a ginin tukunya. Wanda zuciyarshi ba ta kwanta ba ya wuce ɗakin, sauran sun ishe shi.

Da labarin Bura ya bazu, mutane suka yi ta tono a ɓoye suna sayar ma dillalai, kaya masu yawa suka ƙetare zuwa Turai. Tun 30 ga Yuni 1997 akwai dokar da ta kare irin kayan ga. In garma ta tono muku tsohuwar tukunya a gona, kada ku fasa, kada ku sayar. Ku gaya ma maigari ko magajin gari.

Shirin tafiya

Daga Birnin Ƙonni zuwa Yamai kilomita 420 ne ko kusa da haka, ta Dogon Dutsi da Doso. Yaron da ya wuni cikin mota a bar shi ya kwana tukuna. Ku tafi da safe kafin rana ta yi zafi, ku riƙe ruwa da ɗan abin taɓawa. Ku tanadi kuɗin ƙofa. In ƙungiya ce ko lakwal, a aika tun da wuri a tambayi rana da lokaci, a kuma nemi mai rakiya da ke jin Hausa. Kowane babba ya riƙe yara biyar, kada su fi haka.

Kafin a shiga a gaya ma yara doka uku: ba a taɓa kaya, ba a gudu cikin ɗaki, ba a miƙa hannu cikin kejin dabba ko a jefe ta. Ku nuna musu bakin ƙofa, ku ce wanda ya ɓace ya dawo nan ya tsaya.

Ga kuma inda karatunku zai yi aiki. Ku rubuta sunan yaro, da sunan garinku, da lambar wayar mai masaukinku a ƴar takarda, ku sa mishi a aljihu. In yarinya ce, a ƙulle mata a bakin zane.