Cutar mantuwa: ɓarnar da ke somawa shekaru kafin a gane ta

A Ikara, Maƙarfi ko Kudan, idan dattijo ya fara manta sunan jikokinsa, ko ya fita masallaci ya kasa gane hanyar gida, sai a ce gigin tsufa ne. Wani lokacin ma a jingina abin ga iska ko sammu. Amma a likitance cuta ce, kuma ba kowane tsoho take kamawa ba. Wani bincike da aka yi a Zariya, wanda aka wallafa a 2011, ya gano cewa kusan 3 cikin 100 na tsofaffin da aka duba ne ke da ita, kuma yawancinsu nau'in Alzheimer ne.

To me ke faruwa a cikin kai? Tun 1906 likitan Jamus Alois Alzheimer ya bayyana wasu dunƙule-dunƙule da ya gani a ƙwaƙwalwar wata mata bayan rasuwarta. Yanzu an san sinadaran furotin ne guda biyu: amiloyid, wanda ke taruwa tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, da tawu, wanda ke cukurkuɗewa a cikinsu. Amiloyid kan fara taruwa shekara 15 zuwa 20 kafin iyali su lura da komai.

Shi ya sa masana suka duƙufa neman alamomin da za a iya aunawa tun da wuri. A da sai an ɗebo ruwa daga ƙashin baya, ko a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa mai tsadar gaske. A watan Mayun 2025 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da gwajin jini na farko mai taimakawa wajen gano cutar. Sai dai an yi shi ne don masu shekara 55 zuwa sama da suka riga suka fara nuna alamu, kuma shi kaɗai ba ya yanke hukunci.

Ga abin mamakin: akwai tsofaffin da aka samu ƙwaƙwalwarsu cike da waɗannan dunƙule-dunƙule, amma har suka rasu hankalinsu garau. Dalili ɗaya shi ne ƙwaƙwalwa tana iya sauya kanta, ta ƙulla sababbin hanyoyi tsakanin ƙwayoyinta duk lokacin da mutum ya koyi wani abu. Kamar mai kai rake kasuwar Maƙarfi ne: idan ruwa ya cinye hanya, wanda ya san hanyoyi uku zai isa, wanda ya san ɗaya kuwa sai ya tsaya. A 2000 an gano cewa direbobin tasi na Landan, masu haddace dubban tituna, wani ɓangare na sashen ƙwaƙwalwarsu mai riƙe wurare ya fi na sauran mutane girma.

Kwamitin masana na mujallar Lancet ya ƙiyasta a 2024 cewa ana iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na cutar ta hanyar magance abubuwa 14, ciki har da hawan jini, ciwon suga, taba, raunin ji, ƙarancin ilimi da zaman kaɗaici. Kun ga ke nan aikin tun ana ɗan shekara 40 ne: a riƙa auna jini, a sha magani kan ƙa'ida, a motsa jiki, kada a bar karatu da zumunci.

Idan kuwa Baba ko Inna sun fara ruɗewa, a kai su asibiti, daga nan a iya tura su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Wata ruɗewar daga ƙarancin bitamin B12 ko ciwon damuwa take, kuma tana jin magani.