Zomon Holland Lop

Holland Lop wani nau'in zomon gida ne ƙarami, wanda kunnuwansa ke saukowa gefen fuska maimakon su miƙe tsaye. Nauyin babbansa ba ya wuce kilo 1.8, kuma ana ajiye shi ne don sha'awa, ba don nama ba. Kamar sauran zomayen gida, asalinsa zomon Turai ne na yankin Sifen da Fotugal, don haka jinsinsa daban yake da zomon dajin da mafarauta ke kamawa a ƙasar Hausa.

Tarihi

Wani makiyayi ɗan ƙasar Holan mai suna Adrian de Cock ne ya samar da nau'in. Ya fara aikin a shekarar 1949, inda ya haɗa barbara tsakanin French Lop, babban zomo mai saukakkun kunnuwa, da ƙaramin zomon Netherland Dwarf, daga baya ya shigo da English Lop. An amince da nau'in a Holan a 1964, sannan ƙungiyar masu kiwon zomo ta Amurka ta karɓe shi a 1979.

Siffa da hali

Yana da gajeren jiki, da faffaɗan kai, da gashi mai laushi. Macen kan ɗauki ciki na kimanin kwana 31, ta haifi 'ya'yan ba gashi, idanunsu a rufe har wajen kwana goma. Kunnuwan kan sauko ne a hankali yayin da suke girma. Idan ya samu kulawa yakan kai shekara bakwai zuwa goma, saboda haka ɗaukarsa nauyi ne na iyali duka, ba na yaro shi kaɗai ba.

Kiwonsa a yanayin Katsina

A arewacin Najeriya an fi kiwon zomo don nama da sayarwa, kuma nau'o'in da aka saba gani su ne New Zealand White da Chinchilla da gauraye-gaurayensu. Cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika kusa da Zariya tana cikin wuraren da ake nazarinsu.

Babbar matsalar Holland Lop a yanki irin Kankiya da Kusada ita ce zafi. Zomo ba ya gumi kamar mutum. Ta jijiyoyin jinin kunnensa yake fitar da zafin jiki, kuma saukakken kunne ba ya shan iska kamar tsayayye. Zomo kan fara galabaita idan zafi ya haura digiri 30, alhali a bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafin rana a tsakiyar jihar Katsina kan kai digiri 40. Alamomin sun haɗa da haki, da jiƙewar hanci, da kwanciya a miƙe. Don haka ana ajiye kejinsa a inuwar bishiya ko ɗakin ƙasa mai iska, nesa da rufin kwano, a yayyafa ruwa a ƙasa, ko a jingina masa tukunyar ƙasa mai ruwan sanyi. Dole kuma kejin ya kare shi daga muzuru da kare da ɓera da shaho.

Abinci

Haƙoran zomo 28 ne, kuma ba sa daina tsiro, tauna ciyawa ce ke rage su. Shi ya sa busasshiyar ciyawa ce ya kamata ta zama mafi yawan abincinsa. Harawar wake da ta gyaɗa, waɗanda manoman yankin ke adanawa bayan kaka, suna da amfani idan an gauraya su da ciyawa. Ana ƙara masa ganyen zogale ko na dankali, dusa da karas kuwa kaɗan ake ba shi. Zomo ba ya iya amai, don haka ruɓaɓɓen abinci ko ganyen da aka yi wa feshin magani na iya kashe shi.

Lafiya

Saboda ƙuncin ramin kunne da gajartar muƙamuƙi, wannan nau'in ya fi sauran yawan ciwon kunne da karkacewar haƙori. Ƙazuwa da gudawa ma suna damun zomaye, musamman da damina. A 2020 an tabbatar da ɓullar cutar zubar jini ta zomaye a Najeriya, ciki har da jihar Kwara, shi ya sa ake keɓe sabon zomo na 'yan makonni kafin a haɗa shi da na gida. Zomon da ya wuni bai ci ba yana bukatar likitan dabbobi nan take.

Ɗaga zomo ta kunne, kamar yadda aka saba a kasuwa, yana ji masa ciwo, kuma idan ya yi fizga ƙashin bayansa na iya karyewa. Ana tallafe ƙirjinsa da hannu ɗaya, ƙugunsa da ɗayan, yara kuwa gara su zauna a ƙasa kafin su riƙe shi.