Gidajen Namun Daji da Gidan Kifaye na Birnin New York

Birnin New York na Amurka yana da gidajen namun daji guda biyar da gidan kallon kifaye guda ɗaya. Huɗu daga cikin gidajen namun dajin, wato na Bronx da na Central Park da na Prospect Park da na Queens, tare da gidan kifayen da ke bakin teku a Coney Island, duk suna hannun ƙungiya ɗaya mai suna Wildlife Conservation Society, wadda ake taƙaita sunanta da WCS. Na biyar yana tsibirin Staten. An buɗe shi a 1936, zaman kansa yake yi, kuma ya yi suna ne wajen tara macizai.

Mafi daɗewa a cikinsu shi ne na Central Park, wanda ba shiri aka yi aka kafa shi ba. Tun ana cikin gina wannan babban lambu a tsakiyar ƙarni na 19, mazauna gari suka riƙa kawo dabbobi kyauta, wani ya kawo tsuntsu, wani ɗan beyar. Da abin ya taru, sai aka ba wurin matsayi na hukuma a 1864. Keji ne kawai jere da juna, kowace dabba a bayan sandunan ƙarfe, mai kallo ya leƙa ya wuce. A wancan zamani ba a tambayar ko zaki yana da filin miƙe ƙafa, abin da ake so shi ne a gan shi kusa.

A 1895 wasu attajirai da masana da mafarauta, cikinsu har da Theodore Roosevelt wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa, suka tsaya aka kafa ƙungiyar nazarin dabbobi ta New York, wadda ita ce ta rikiɗe ta zama WCS. Birni ya ba su fili mai faɗi a unguwar Bronx, mai bishiyoyi da duwatsu da kogi yana ratsa shi. Ranar 8 ga Nuwamba, 1899 aka buɗe ƙofa da dabbobi 843, ƙarƙashin shugabancin William Hornaday.

Hornaday ya zo da damuwa guda, wato ɓaunar Amurka. Wannan dabba ta taɓa cika filayen ƙasar da miliyoyi, amma farauta ba ji ba gani ta rage ta zuwa kimanin dubu ɗaya kafin ƙarshen ƙarni na 19. A gidan Bronx aka kafa ƙungiyar ceton ɓauna a 1905, kuma a 1907 aka loda guda 15 a jirgin ƙasa zuwa tsaunukan Wichita a Oklahoma, aka sake su suka hayayyafa. Ana lissafa wannan cikin karo na farko-farko da aka mayar da dabba daga gidan kallo zuwa dajinta, kuma har yau akwai garken ɓauna a Bronx.

Sai dai a daidai wannan lokaci gidan ya tafka abin kunyar da ba ya gogewa. A watan Satumba na 1906 aka sa wani saurayi ɗan ƙabilar Mbuti daga Kwango, mai suna Ota Benga, cikin kejin birai, jama'a suna tururuwa suna kallonsa. Limaman cocin baƙar fata, ƙarƙashin jagorancin James Gordon, su ne suka tashi tsaye har aka fitar da shi. Bai sake ganin ƙasarsa ba, ya kashe kansa a jihar Bajiniya a 1916. Mutanen da suka iya tausaya wa ɓauna su ne suka kasa ganin ɗan Adam a gabansu, kuma ɗaya daga cikin jigogin ƙungiyar, Madison Grant, ya rubuta littafin fifita jinsin fararen fata da 'yan Nazi suka yaba. Sai a 2020 ƙungiyar ta fito fili ta nemi afuwa.

Yadda ake ajiye dabbobi ya fara sauyawa sosai a 1941, lokacin da aka buɗe sashen filayen Afirka. An ɗauko dabarar daga wani Bajamushe, Carl Hagenbeck na birnin Hambok: a cire sandunan ƙarfe, a haƙa rami mai zurfi irin gwalalon bayan ganuwa, a ɓoye shi da ciyayi. Mai kallo sai ya hangi zaki kwance a kan dutse, barewa na kiwo can bayansa, kamar babu abin da ya raba su. A nan ake ganin raƙumin dawa da jakin dawa da kura da karen daji. Daga baya aka ƙara gidan tsuntsaye a 1972, inda suke tashi ba shamaki tsakaninsu da mutane a wasu ɗakuna, da ƙaramin jirgi mai layi ɗaya a 1977 wanda ke zagayawa da baƙi sashen Asiya su ga karkanda da damisa mai ratsi. Tsohon gidan zakuna na 1903 ma an mayar da shi sashen Madagaska a 2008, mai ɗauke da kadoji da biran tsibirin masu zoben wutsiya.

Sashen da ya fi jan jama'a shi ne dajin Kwango, wanda aka buɗe a 1999 a kan eka shida da rabi. An shuka itatuwa, an ƙera wasu na roba da ba a rabe su da na gaske, an sa ruwa yana kwarara. Mai ziyara yana bi ta wata hanya mai bangon gilashi, gwaggon biri da iyalinsa suna kai da kawo a gefe da gefe, har wani lokaci ba a san wa ke kallon wa ba. Akwai kuma okafi, ɗan'uwan raƙumin dawa mai ratsi-ratsi a ƙafafu, wanda ba a samunsa a dajin ko'ina sai Kwango. An riƙa tura kuɗin shiga wannan sashe aikin kare dazuzzukan tsakiyar Afirka. Aikin ƙungiyar a nahiyar ya kai har Najeriya: tana kula da gwaggon birin Kuros Riba, kuma a 2014 ta ƙulla yarjejeniya da gwamnatin jihar Bauchi don tsare giwayen dajin Yankari daga masu harbi.

Ba manyan dabbobi kaɗai ake ceto ba. Wani ƙaramin kwaɗo na kwazazzabon Kihansi a Tanzaniya, wanda ke haihuwar 'ya'ya maimakon yin ƙwai, rayuwarsa ta dogara ne ga feshin ruwan da ke faɗowa daga dutse. Da aka gina madatsar lantarki feshin ya ragu, cuta kuma ta biyo baya, ya ƙare ƙaf a dajinsa. Kusan 500 da aka kwaso a 2000 su ne gidan Bronx da na Toledo suka yi kiwo, har aka fara sakin zuriyarsu a Kihansi a 2012.

Giwa kuwa ta zama abin jayayya. Gidan Bronx ya sanar a 2006 cewa ba zai ƙara kawo sababbi ba, amma masu rajin kare haƙƙin dabbobi sun kai ƙara kan wata giwa mai suna Happy da aka ware ita kaɗai, suna neman a ba ta 'yancin da doka ta ba mutumin da aka tsare. Babbar kotun jihar ta ƙi a 2022, alƙalai biyar suka rinjayi biyu.

Ƙananan gidajen uku sun lalace ƙwarai a hannun hukumar birni, har aka miƙa wa ƙungiyar su a 1980, ta rushe ta sake gini. Na Central Park ya dawo a 1988 ba giwa ba zaki, sai irin su zakin teku da fengwin. Na Queens, wanda aka sake buɗewa a 1992, dabbobin nahiyar Amurka kawai yake ajiyewa, kuma gidan tsuntsayensa wata ƙubba ce da ta rage daga bajekolin duniya na 1964. Na Prospect Park ya biyo baya a 1993, an fi tsara shi domin yara.

Gidan kifaye ya girmi na Bronx da shekara uku. An buɗe shi ranar 10 ga Disamba, 1896 a Castle Garden, tsohon sansanin soja da ke ƙarshen tsibirin Manhattan, inda baƙin haure kusan miliyan takwas suka taɓa bi suka shiga Amurka. Ƙungiyar ta karɓe shi a 1902. A 1941 aka rufe shi saboda aikin hanyar ƙarƙashin ruwa, aka kwashe wasu kifayen zuwa gidan zakunan Bronx, suka zauna can har aka gama sabon gida a Coney Island a 1957.

Zama a bakin teku ya zo da nasa tsada. A watan Oktoba na 2012 guguwar Sandy ta turo ruwa ya cika ɗakunan ƙasa, ya kashe lantarki da injinan tace ruwa da na iska, waɗanda su ne numfashin kifin da ke cikin tanki. Ma'aikata sun kwana suna kai iskar gwangwani tanki-tanki, aka ceci mafi yawa, amma kifayen ruwan daɗi da gishiri ya shiga musu da dama sun mutu. An buɗe wani ɓangare a 2013, gyara kuma ya ɗauki kusan shekara goma. Sabon ginin kifin shak da aka buɗe a 2018 yana ɗauke da ruwa sama da galan 500,000, da kunkurun teku da nau'o'in shak iri-iri, kuma babban tankinsa yana kwaikwayon kwazazzabon Hudson, wani rami mai zurfi a ƙarƙashin tekun Atilantika mai nisan kimanin mil 100 daga gaɓar birnin.