Tom Gracie, ɗan ƙwallon da yaƙi ya ci ba tare da harsashi ba

Duk shekara idan Nuwamba ta kama, 'yan wasan Firimiya kan fito da hoton jan fure a ƙirjin riga, gardama kuma ta kaure a gidajen kallon ƙwallo. Wani ya ce tambarin kamfani ne, wani ya rantse alamar ƙungiyar asiri ce. Furen dai na tunawa ne da waɗanda suka mutu a yaƙi, tun daga Yaƙin Duniya na Ɗaya. Amma ko waɗanda suka san haka akwai inda suke tuntuɓe. Sun ɗauka duk ɗan ƙwallon da ake tunawa da shi cikin murna ya ruga fagen daga, harsashi ya same shi. Wannan fahimta tana damuna, domin ta shafe mutane irin su Tom Gracie.

An haife shi a Glasgow ta ƙasar Sukotland a 1889. Ya buga wa Morton, ya tsallaka Ingila ya ɗan taɓa Everton da Liverpool ba tare da ya yi tashe ba, sai a 1914 Hearts ta birnin Edinburgh ta saye shi. A nan ƙafarsa ta buɗe. Hearts ta lallasa Celtic da ci 2-0 a wasan buɗe kaka, ta ci wasa takwas a jere.

Sai dai yaƙi ya riga ya ɓarke tun Agusta, kuma Birtaniya ba ta fara tilasta wa mutane shiga soja ba sai 1916. Abin da doka ba ta yi ba, gori ya yi. Wani mai suna Frederick Charrington ya yi ta fafutukar a hana ƙwallon kuɗi baki ɗaya, jaridu na buga wasiƙun da ke kiran 'yan wasa matsorata, wasu mata na miƙa wa samari farin gashin tsuntsu a titi don a kunyata su. A ƙarshen Nuwamba 1914, da Sir George McCrae ya tashi kafa bataliya ta 16 ta rundunar Royal Scots, Gracie na cikin 'yan wasan Hearts da suka sa hannu. Ɗaruruwan magoya baya suka bi sahunsu, cikin 'yan kwanaki bataliyar ta cika.

Daga nan aka ɗora wa 'yan wasan kaya biyu: atisaye da doguwar tafiyar ƙafa, wani sa'in cikin dare da sanyin hunturu, ranar Asabar kuma su sa takalmi su shiga fili.

A Maris 1915 likitoci suka gano Gracie na ɗauke da sankarar jini. Cutar a cikin ɓargo take, inda ake ƙera jini. Fararen ƙwayoyin da ba su nuna ba su yi ta hayayyafa har su danne jajayen da ke kai iskar numfashi ga tsoka, kamar yadda ƙuduji ke mamaye gonar gero: daga nesa ka ga gona a tsaye, alhali an tsotse ta daga saiwa. Mai wannan ciwo hawa bene ma kan gagare shi, kuma a wancan zamanin babu magani. Gracie bai faɗa wa kowa ba sai manajan kulob, John McCartney. Ya ƙi bin shawarar likita, ya ci gaba da wasa da atisaye. Ya gama kakar da ƙwallo 29, kunnen doki da James Richardson na Ayr United a saman jerin maciya raga. Hearts kuwa ta gaji, Celtic ta wuce ta da maki huɗu.

Ana yawan kiran wannan jarumta, ban kuma musa ba. Amma mutumin da aka shafe watanni ana yi wa irinsa gorin tsoro, da wane baki zai ce ba shi da lafiya? Rundunar da ke auna ƙirjin samari kafin ta ɗauke su, ita ce ta tafi da shi sansanin Ripon a watan Yuni, har sai da jiki ya ƙi aka kwantar da shi a Leeds.

Ya rasu a asibitin Stobhill na Glasgow ranar 23 ga Oktoba 1915, yana ɗan shekara 26, a shekarar da yaƙin ya ci ɗan'uwansa John. 'Yan wasan Hearts bakwai ne ba su ga ƙarshen yaƙin ba. Uku daga cikinsu, Duncan Currie da Ernest Ellis da Harry Wattie, rana guda aka kashe su, 1 ga Yuli 1916, ranar farko ta gumurzun Somme a Faransa.