Daga Kano zuwa Durun: Hanyar da kuɗi ke bi idan aka tura su ta waya

Da zarar kaka ta yi, 'yan kasuwar hatsi na Dawanau da na sauran kasuwannin birnin Kano sukan bazama ƙauyuka sayen amfanin gona. Masu bin hanyar Gwarzo sukan wuce Janguza da Rimin Gado su shiga ƙasar Kabo, inda garuruwa irin su Garo da Gude da Durun suke noman dawa da masara da gyaɗa da waken suya. A da, mai irin wannan tafiya da jakar kuɗi yake fita, yana tafe yana waige. Yau wayarsa ce jakarsa. Haka shi ma ma'aikacin da ke Sakatariyar Audu Baƙo, idan albashi ya shigo, daga kan kujerarsa yake aika wa iyayensa na cefane, su je wurin mai POS su karɓa.

Sai dai sauƙin ya zo da nasa rigingimun. A ciri kuɗi a asusun mai saye, mai sayarwa ya ce bai gani ba. Ko kuma a nuna wa manomi saƙo a waya, a loda buhuna a mota, sai bayan ƙura ta lafa ya gane ko sisi bai shigo ba. Akasarin irin wannan taƙaddama tana tasowa ne daga rashin sanin hanyar da kuɗin suke bi, da wuraren da hanyar take iya tsinkewa.

Yadda aka zo nan

Wayar salula ta GSM ta fara aiki a Najeriya a 2001. Bayan shekara goma, a 2011, kamfanin NIBSS, wanda Babban Bankin Najeriya da bankunan kasuwanci suka mallaka tare, ya ƙaddamar da tsarin tura kuɗi nan take da ake kira NIP. Shi ne ya sa mai asusu a wannan banki yake iya tura wa mai asusu a wancan, kuɗin su isa cikin daƙiƙoƙi, ko da dare ne ko ranar hutu.

Amma abin da ya cusa tsarin cikin karkara shi ne ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023. A watan Oktoban 2022 Babban Bankin, ƙarƙashin Godwin Emefiele, ya sanar da sauya fasalin takardun Naira 200 da 500 da 1,000. Tsofaffin suka koma bankuna, sababbin kuma ba su wadata ba, har sai da Kotun Ƙoli ta yi hukunci a ranar 3 ga Maris, 2023 cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin. A waɗannan makonni mai awon hatsi da mahauci da mai shayi, waɗanda a da ba sa sauraron maganar taransifa, dole ta sa suka buɗe asusu. Kamfanoni irin su OPay da Moniepoint da PalmPay suka samu kasuwa, na'urorinsu suka watsu a tashoshin mota da bakin kasuwanni. Alƙaluman NIBSS sun nuna cewa kuɗin da aka tura ta tsarin NIP a 2024 sun haura Naira tiriliyan dubu.

Zango biyar kafin kuɗi su sauka

A ɗauka ɗan kasuwa yana tsaye a Durun, ya sayi buhun masara ashirin, zai biya ta waya. Daga lokacin da ya danna lambar sirrinsa, umarnin da ya bayar zai yada zango a wurare biyar.

Da farko saƙon zai tashi daga wayar zuwa turken sadarwa mafi kusa. Daga turken zai bi ta wayar fayiba da aka binne a ƙasa, ko ta farantan da ke miƙa saƙo daga turke zuwa turke, har ya isa cibiyar kamfanin layin. Zango na uku shi ne kwamfutocin bankin mai turawa, waɗanda za su duba ko akwai kuɗin, su cire su. Daga nan bankin ya miƙa umarnin ga NIBSS, wanda yake tsakani kamar dillali a kasuwa. A ƙarshe NIBSS ya sanar da bankin mai karɓa, shi kuma ya rubuta kuɗin a asusun manomin.

Abin lura shi ne a zango na uku ake cire kuɗi, a na biyar ake zuba su. Idan aka samu cikas a tsakani, to gaskiyar mai saye ce da ya ce an cire, gaskiyar manomi ce kuma da ya ce bai gani ba. Kuɗin suna rataye ne, kuma ɗayan biyu ne zai faru: ko su ƙarasa, ko a dawo wa mai su da su.

Kowace taransifa tana da lambar shaida mai alƙaluma 30, wadda ake samu a jikin rasit ɗin da manhajar banki take bayarwa. Da ita ma'aikacin banki yake bin sawun kuɗi ya gano inda suka maƙale. Wanda ya je ƙorafi ba tare da ita ba ya ƙara wa kansa zirga-zirga.

Alat daban, kuɗi daban

Saƙon da ake kira alat ba ya cikin zangon nan biyar. Bayan an gama zuba kuɗin ne banki yake aiko da shi, ta hanyar saƙon kar-ta-kwana. Irin wannan saƙo kuwa ajiye shi ake yi a cibiyar kamfanin layi har sai an samu wayar mai shi a kan sabis. Shi ya sa kuɗi suke iya shiga da hantsi, alat ya iso bayan la'asar.

Ta nan 'yan damfara suke shigowa. Tunda saƙo ne kawai, ana iya ƙirƙirarsa a sa masa sunan banki a matsayin wanda ya aiko. Akwai kuma manhajojin bogi da suke fitar da rasit mai kama da na gaske, har da tambarin banki da kwanan wata. Hujja guda ɗaya ce tabbatacciya: mai karɓa ya duba ragowar kuɗin asusunsa da kansa, a wayarsa ko a na'urarsa, ya ga sun ƙaru. Hoton rasit da aka nuna masa a wayar wani bai isa a saki kaya a kansa ba, ko da mai nunawar ya sha babbar riga.

Me ya sa sabis yake gudu a ƙauye?

A garuruwa irin su Durun, zango na farko da na biyu ne suka fi ba da matsala. Kamfanonin layi suna kafa turaku ne inda jama'a suka yi yawa, don haka turken karkara yakan ɗauki faɗin ƙasar da a birni turaku da dama ne suke rabawa. Kowane turke kuma yana da iyakar wayoyin da zai iya saurara a lokaci guda. Ranar kasuwa, idan mutanen ƙauyuka goma suka taru wuri ɗaya da wayoyinsu, ga na'urorin POS da kowacce take ɗauke da nata layin, sai turken ya cika, kamar ƙofa ɗaya da taron masallacin Juma'a yake son fita ta cikinta.

Sai batun wuta. Yawancin turaku da janareta da batura da farantan sola suke aiki. Idan man dizal ya yanke ko aka sace batir, yankin ya shiga duhun sadarwa. Wayar fayiba ita ma masu aikin titi da masu haƙar magudanar ruwa suna yawan tsinka ta, abin da ya sa a 2024 Gwamnatin Tarayya ta sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ta ba kariya ta musamman. Wani lokaci ma matsalar daga nesa take tasowa. A ranar 14 ga Maris, 2024, manyan wayoyin intanet da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, manhajojin bankuna da dama suka tsaya cak a Najeriya.

A irin wannan yanayi tsohuwar hanya takan fi sabuwa amfani. Lambobin da ake dannawa da tauraro a farko, irin su *737# da *894# da *919#, ba sa buƙatar data, kuma suna aiki a kan ƙaramar waya mai madannai da sabis mafi rauni. Tun tsakiyar 2025 daga katin waya ake cire kuɗin amfani da su, Naira 6.98 a kowane zama, saboda haka wanda zai shiga ƙauye ya tabbatar akwai kati a layinsa. Riƙe layuka biyu na kamfanoni daban, da asusu biyu a bankuna daban, shi ma dabara ce da 'yan kasuwa da yawa suka runguma.

Sababbin abubuwa da suke tafe

Fasahar 5G, wadda MTN ya fara a 2022 a birane bakwai ciki har da Kano, ba ita ce za ta warware matsalar karkara nan kusa ba. Tana da sauri, amma zangon da take amfani da shi ba ya cin nisa, sai an kafa turaku kusa da juna. Taransifa kuwa ɗan ƙaramin saƙo ne. Abin da take buƙata shi ne sabis da ba ya yankewa.

Abin da ya fi dacewa da ƙauye shi ne tauraron ɗan'adam. Starlink, na kamfanin SpaceX na Amurka, ya fara aiki a Najeriya a watan Janairun 2023, kuma ita ce ƙasar farko a Afirka da ta samu. Farantinsa yana magana kai-tsaye da taurarin da suke shawagi a nisan kimanin kilomita 550 daga ƙasa, ba ruwansa da turke ko wayar da aka binne. Tsadar kayan da kuɗin wata sun fi ƙarfin mutum guda a ƙauye, amma ƙungiyar 'yan kasuwa ko babban shagon POS za su iya haɗa shi da sola su raba wa maƙwabta. A nata ɓangaren, Ma'aikatar Sadarwa ƙarƙashin Bosun Tijani ta sanar da shirin shimfiɗa ƙarin kilomita 90,000 na wayar fayiba a faɗin ƙasa. Amfaninsa ga Kabo da Gwarzo ya danganta da ko wayar za ta tsaya a hedikwatar ƙaramar hukuma ko za ta ƙarasa mazaɓu.

Su ma na'urorin POS ana yi musu sabon tsari. A 2024 aka wajabta wa masu sana'ar yin rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni. A watan Agustan 2025 kuma Babban Bankin ya ba da umarnin a ɗaure kowace na'ura da wurin da aka yi mata rajista, ta hanyar fasahar gano wuri ta GPS, kada ta yi aiki nesa da mita 10 daga wurin. Manufar ita ce toshe hanyar masu garkuwa da mutane da 'yan damfara da suke amfani da na'urorin wajen karɓar kuɗi. Sai dai a karkara kasuwa ba kullum take ci a wuri ɗaya ba. Yau tana wannan gari, gobe tana wancan, kuma masu POS da yawa binta suke yi a kan babur. Yadda za a daidaita tsaro da wannan tsohuwar al'ada ta kasuwannin mako zai shafi duk wanda yake saye ko sayarwa a ƙauye.

Idan kuɗi suka maƙale

Kuskuren da aka fi yi shi ne sake turawa nan take. Sau da yawa na farkon yakan ƙarasa daga baya, mai saye ya biya sau biyu, karɓo rarar kuma ta zama aiki. Abin da ya kamata shi ne a dakata, a duba tarihin asusu, a adana rasit da lambar shaidarsa. Kafin a danna lambar sirri kuma a karanta sunan da ya fito bayan an rubuta lambar asusu mai alƙaluma goma, domin kuɗin da suka faɗa asusun wani bisa kuskure, dawo da su yakan kai ga kotu.

Ƙa'idar da Babban Bankin ya fitar a 2020 ta ce idan aka ciri kuɗi a POS ciniki bai faɗa ba, a mayar da su cikin awa 72. Wanda ya kai ƙorafi bankinsa aka yi mako biyu ba a warware ba, yana da damar kai ƙara Sashen Kare Haƙƙin Masu Hulɗa da Bankuna na Babban Bankin. Ya nemi lambar ƙorafinsa tun ranar farko, domin da ita za a saurare shi.

Akwai kuma batun wayar kanta. Tunda layin mutum yana haɗe da asusunsa da lambarsa ta BVN, ɓarawon da ya samu layin yana iya gwada shiga asusun ta lambobin tauraro. Sanya wa katin layi lambar sirri tasa ta daban, wadda ake nema duk lokacin da aka saka shi a wata waya, yana rufe wannan ƙofa. Ma'aikacin da ya buɗe wa mahaifinsa asusu a ƙauye ya kamata ya yi masa wannan, ya kuma ja masa kunne kada ya karanta wa mai POS lambar sirrin katinsa, komai sabo. Ya danna da hannunsa, ya karɓi takardar rasit, ya ƙirga kuɗinsa kafin ya bar wurin.