Kalmar "birus" a littattafan yaƙi da jahilci na Madawa, Buza da Keita

Duk mai shirya littafin kiwon lafiya domin azuzuwan yaƙi da jahilci a gundumomin Madawa, Buza da Keita, ba ya yin nisa sai ya ci karo da kalmar faransanci virus. Abin da aka saba shi ne a fassara ta da "ƙwayar cuta" a wuce. Fassarar ba kuskure ba ce, amma ta yi faɗi, domin da ita ake kiran bakteriya, da ita kuma ake kiran abin da sauro ke zuba wa mutum har ya kamu da zazzaɓi. Abubuwa uku ne dabam, maganinsu ma dabam.

Su kansu masana sun daɗe kafin su rarrabe su. A 1892 wani Barashe, Dimitri Ivanovski, ya tace ruwan ganyen taba mai ciwo da matacin da ke tare bakteriya, sai ya tarar ruwan da ya wuce yana harbin ganye mai lafiya. A 1898 Martinus Beijerinck na ƙasar Holan ya nuna cewa abin ba ya yaɗuwa sai cikin ganye mai rai, ya kira shi virus, kalmar Latin mai ma'anar dafi. Ba a gan shi ba sai a 1939, bayan an ƙera madubin bincike mai aiki da lantarki. Mafi yawan irinsa ba su kai kashi ɗaya cikin 3000 na milimita ba. Ƙanƙanta dai ba ita ce babban bambancin ba. Bakteriya tana ci, tana rabuwa biyu da kanta. Shi kuwa wannan ba ya hayayyafa sai ya shiga ƙwayar halittar mutum, ko ta dabba, ko ta tsiro, ya sa ta yi masa aiki. Saboda haka magungunan kashe bakteriya, irin su fenisilin, ba su da abin da za su kama a jikinsa.

A nan ne kalmar "ƙwaya" ke kawo cikas. Akwai ƙwayar hatsi, da ƙwayar ido, da ƙwayar halitta, sannan ga ƙwayar magani wadda 'yan talla ke yawo da ita ranar kasuwa. Idan littafi yana son ya ce maganin bakteriya ba ya taɓa wannan halitta, jimlar da za ta fito ita ce "ƙwaya ba ta kashe wannan ƙwaya mai shiga cikin ƙwaya". Malamin aji ma sai ya tsaya ya sake karantawa, balle wadda ta fara haɗa baƙi bara.

Maganar ta wuce gardamar masu nahawu. A wannan yanki sanƙarau da ƙyanda duka da rani suke tasowa. Sanƙarau na annoba bakteriya ke kawo shi, kuma allurar likita tana ceton rai idan an kai maras lafiya da wuri. Ƙyanda ba ta da irin wannan allura. Abin da ke tare ta shi ne rigakafi tun yaro yana da wata 9, in kuwa ta riga ta kama shi, sai jinya, da bitamin A, da lura da ciwon huhun da kan biyo baya. Uwar da littafi ya koya wa suna ɗaya ga cututtukan biyu tana da hujja idan ta zaci magani ɗaya ne, ta sayi ƙwayoyi a kasuwa ta zauna gida.

Hausa ba ta rasa sunayen cututtukan ba: agana, ƙarambau, ƙyanda ko baƙon dauro, shawara, shan inna, haukan kare, da bushiya ta shanu. Sai dai sunayen alama suke nunawa, ko sababin da aka yi imani da shi. Shawara tana nufin ɗorawar ido, ko mene ne ya kawo ta. Shan inna kuwa yana ɗora laifin a kan Inna ta bori, abin da mai rubutu kan rigakafi bai kamata ya manta ba. Babu wata kalma da ta tara su a gida ɗaya, alhali labarinsu ɗaya ne: da rigakafi aka kawar da agana a duniya, aka yi shela a 1980, haka bushiya a 2011, haka kuma aka tabbatar a 2020 cewa asalin ƙwayar shan inna ta bar Afirka.

Rashin kalmar ya fi fitowa fili idan baƙuwar cuta ta zo. A watan Agusta na 2016 zazzaɓin kwarin Rift ya ɓulla a Cintabaradan, arewa da Keita, cibiyar Pasteur ta Dakar ta tabbatar da shi. Dabbobi suna ɓari, mutane suna kamuwa ta cizon sauro ko ta taɓa jinin dabba. Cutar ba ta da tsohon suna a Hausa, ga shi kuma garken arewa suna gangarowa kudu bayan girbi.

Mafita mafi sauƙi ita ce aro. Hausa ba ta da sautin v, takan mai da shi b, kamar a "direba" da "talabijin". Bin lafazin faransanci sau da ƙafa zai ba da "biris", wadda ta riga ta zama kalma: a ce wa manomi ya kula da biris, sai dariya. A Najeriya an fi jin "bairas", bisa lafazin Ingilishi. Ga littattafan jahar Tawa "birus" ta fi dacewa, namiji, jam'i "birusoshi", tunda ma'aikatan gidan likita da faransanci suka yi karatu, za su gane ta nan take. "Ƙwayar cuta" sai ta zauna a matsayin suna na gaba ɗaya, "birus" da "bakteriya" su zama rassanta. Kafin a kai ga ɗab'i, ya kamata a gwada kalmar a bakin masu Adaranci na Buza da Keita, da na Gobirawan Madawa, a kuma saurari jam'in da su da kansu za su ba ta.