Idan Akori-kura Ta Tashi Daga Aiki: Yadda Ake Lissafin Diyya

A ƙauyukan Bichi da Dambatta da Kunci, inda gona ke manne da gona, akori-kura ita ce ƙashin bayan fatauci. Ita ke kwaso taki daga birni da rani, ita ke kai gero da wake kasuwar Dawanau da kaka. Sau da yawa dukiyar gida kacokan ce aka zuba a cikinta. To, ran da ta ƙwace ta faɗa rami, nawa kamfanin inshora zai biya?

Da fari sai a duba irin takardar da mai mota ya yanka. Dokar shekarar 1945 ta wajabta inshorar kare wanda aka yi wa ɓarna, wadda kuɗinta ga ƙananan motoci na gida ya tashi daga ₦5,000 zuwa ₦15,000 a Janairun 2023. Wannan takarda ba ta biyan mai mota ko kwabo a kan motarsa. Cikakkiyar inshora ce ke yin haka.

Idan kuɗin gyara ya kusa kai darajar motar, ko ya zarce ta, kamfani yakan ce ta tashi daga aiki. Ƙa'idarsu ita ce a mayar da mutum matsayin da yake gab da haɗarin, ba ƙari. Wato darajar motar a kasuwa ran da abin ya auku za a biya, kuma ba za ta wuce adadin da aka rubuta a takarda ba.

A nan ɗalibin lissafi zai ga amfanin darasinsa. Mu ɗauka an sayi mota ₦5,000,000, mai ƙiyasin kamfani kuma ya ce darajarta tana raguwa da kashi 20 cikin ɗari duk shekara. Bayan shekara guda ta koma ₦4,000,000, a ta biyu ₦3,200,000, a ta uku ₦2,560,000. Lissafin daidai yake a kan allo, amma ya ɗauka naira tana nan inda take. Bayan da aka saki farashinta a Yunin 2023, tsofaffin motoci ma tsada suka ƙara. Saboda haka tayin farko abin ciniki ne. Mai mota ya samo farashin irin motarsa, mai irin shekarunta, a rubuce daga dillalai biyu ko uku a Kano, ya haɗa da rasiɗin sabon inji ko tayoyi, da rahoton 'yan sanda, da hotuna. Amma fa idan tun farko ya rage darajar motar a takarda don sauƙin biya, wannan adadin ya ɗaure shi.

Akwai kuma batun gangar motar. Da zarar an biya diyya, ta zama ta kamfani. Mai son riƙe ta sai a cire kuɗinta daga diyyar, don haka ya kyautu ya fara jin abin da masu sayar da kayan gyara na Ƙofar Ruwa za su taya.

Kada ya sa hannu a takardar sallama sai ya gamsu da adadin. In an kasa daidaitawa, sai ya kai kuka ga NAICOM, hukumar da aka kafa a 1997 don sa ido kan kamfanonin inshora, har da na takaful.